Yadda za ku kare haɗakar adawa kafin a rusa muku ita tun ba a je zaɓe ba

Wannan rubutun na 'yan uwa ne masu ɗawainiyar haɗakar adawa a jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa, irin su sakatare da ma'aji da shugaban matasa da shugabar mata, manyan Abuja kam suna da manyan lauyoyinsu. Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne a Najeriya da wuya ka ji gwamnati ta fito ƙarara ta ce ta haramta haɗaka, ba za ta faɗa ba tunda sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba kowa damar taro da shiga ƙungiyar da yake so, abin da ake yi shi ne a biyo ku ta takarda, a biyo ku ta wurin taro, a biyo ku ta kotu, sannan a samo wani a cikinku ya miƙe ya ce ai shi ne shugaban jam'iyya na gaskiya. Tun zamanin NEPU da 'yan doka da hana izinin lacca hanyoyin ke nan, PDP ta yi wa APC, APC ma da ta hau ana zarginta da irinsa, kuma yawancinsu suna da magani in dai an fara da wuri.

Dalilin da ya sa mai mulki ba ya barci in ya ji 'yan adawa na zama a ɗaki ɗaya lissafi ne kawai. A 2023 Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.7 da 'yan kai, Atiku ya samu kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5, haɗa na ukun nan ka gani da kanka.

To abu na farko, ku san wace irin haɗaka kuke yi, don da yawa ana ta ihun haɗaka haɗaka amma in ka tambayi mutum a wace alama za a dangwala sai ya yi shiru. Sashe na 221 na kundin tsarin mulki ya ce jam'iyya mai rijista ce kaɗai za ta nemi ƙuri'a wa ɗan takara, kuma ba mu da ɗan takarar indifenda, ke nan kalmar haɗaka ba ta hawa takardar ƙuri'a, dole a ƙarshe a tsaya a jam'iyya ɗaya. Ko dai a yi maja jam'iyyu su narke su zama ɗaya, ko a yi wa sabuwa rijista, ko kowa ya tattara ya shiga wata da ke da rijista tuntuni, ko kuma kowa ya zauna a gidansa a mara wa mutum ɗaya baya kamar yadda AD da APP suka yi a 1999 da Olu Falae da Umaru Shinkafi.

Maja ita ce mai ƙarko amma ita ce mai cin lokaci. A dokar zaɓe ta 2010 sanarwar kwana 90 kafin babban zaɓe ake ba INEC, ta 2022 ta mayar da shi wata tara, kun ga yadda wa'adi ke motsi ke nan, shi ya sa kar wanda ya dogara da abin da ya haddace a zaɓen baya, ku nemo kwafin dokar da ke aiki yanzu da jadawalin INEC ku manna a bangon ofis. Kowace jam'iyya sai ta yi babban taronta na ƙasa ta amince da majar, shugaba da sakatare da ma'aji su sa hannu, a haɗa da suna da alama da kundin tsari da manufofi da adireshin hedikwata. Kuma ku riƙe sunan a ciki har sai takarda ta shiga. A Fabrairun 2013 ACN da CPC da ANPP da ɓangaren APGA na Rochas suka sanar wa duniya cewa sunansu APC, ba a jima ba sai ga wasu ƙungiyoyi sun ɓullo a ofishin INEC da sunayen da su ma in an taƙaita APC suke bayarwa, aka yi watanni ana ja-in-ja, sai 31 ga Yulin 2013 hukumar a ƙarƙashin Farfesa Jega ta yi wa majar rijista. Da zaɓe ya kusa a lokacin da shi ke nan an cinye musu lokaci.

Sabuwar jam'iyya kuwa ba na ba da shawarar a jingina komai a kanta. Dokar 2022 ta ce a nema aƙalla wata 12 kafin zaɓe, kuma makullin yana hannun wanda ba ku da iko da shi, a jamhuriya ta biyu hukumar zaɓen lokacin FEDECO ta ƙi yi wa sabuwar jam'iyyar PPP rijista lokacin da gwamnonin adawa ke neman inuwa ɗaya, a 2002 sai da Balarabe Musa da su Gani Fawehinmi suka kai har Kotun Ƙoli kafin aka soke ƙarin sharuɗɗan da INEC ta ƙirƙiro. Ku nema ɗin, amma kar ku zauna jiranta.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, shiga jam'iyyar da ke da rijista, wanda shi 'yan haɗaka suka yi a ranar 2 ga Yulin 2025 da suka rungumi ADC, Ralph Nwosu ya sauka David Mark ya karɓi riƙo, Aregbesola ya zama sakatare. Hanya ce mai sauri amma kamar sayen gidan gado take, in magaji ɗaya bai sa hannu ba to ku da kotu ne har illa masha Allahu. Kun dai ga ba a kwana biyu ba Dumebi Kachikwu wanda ya yi wa jam'iyyar takarar shugaban ƙasa a 2023 ya fito ya ce bai yarda ba, Nafi'u Bala daga Gombe shi ma ya ce shi ne shugaba. Ko an turo mutum ko ba a turo shi ba, ƙofar da aka bari a buɗe ce yake shigowa ta ita, kuma wannan ƙofar a matakin jiha da ƙaramar hukuma ku ne masu rufe ta. Kafin ku kwashi jama'a ku shiga, ku samu kundin tsarin jam'iyyar ku karanta da lauya layi layi, wa'adin shugabannin jiha yaushe ya fara yaushe zai ƙare, wane taro ne ya zaɓe su, INEC ta halarta ko ba ta halarta ba, akwai shari'a a kotu ko babu, sannan akwai sharaɗin sai mutum ya yi wani adadin lokaci a jam'iyya kafin ya riƙe muƙami ko ya yi takara, in akwai wa ke da ikon ɗage shi kuma a rubuce aka ɗage ko da baki. Duk wanda zai sauka daga kujera ya rubuta takardar murabus da hannunsa, ya sa kwanan wata, a samu shaidu, a ɗauki bidiyo yana miƙawa ba tare da an tsaya masa a ka ba, kuma a duba me kundin ya ce game da mataimakinsa domin sau da yawa mataimakin da aka manta da shi ne yake zama shugaban tsagi.

Sannan don Allah ku daina raina tsofaffin 'yan jam'iyyar. Mutumin da ya shekara goma yana biyan hayar ɗan shagon da ake kira ofis daga aljihunsa, yana share shi, yana kafa tuta, rana ɗaya manyan motoci sun zo an ture shi gefe ko kujera ba a ba shi ba a wajen taro, wallahi ba sai gwamnati ta sha wahalar nemansa ba, da ƙafarsa zai je. Ku raba muƙamai da su a rubuce, kaso nawa na tsofaffi kaso nawa na kowane ɓangaren da ya shigo, tun daga jiha har mazaɓa. Rikicin Ali Modu Sheriff da Ahmed Makarfi ya riƙe PDP daga 2016 har zuwa Yulin 2017 da Kotun Ƙoli ta raba gardama, a tsakani har 'yan sanda suka rufe wurin babban taronta a Fatakwal, jam'iyya mai gwamnoni ke nan fa, ina ga wadda ta fara rarrafe.

Sai takardu, aikin da kowa ke gudu don ba a tafa wa mai yinsa. Duk taron zaɓen shugabanni ko na fidda gwani, dokar 2022 ta ce a sanar da INEC kwana 21 kafin ranar, in ba a sanar ba taron ya tashi a banza ko mutum dubu goma ne suka zo, rijistar 'yan jam'iyya kuma waccan dokar ta ce a miƙa ta kwana 30 kafin nan. Sakatare, wasiƙar nan kwafi biyu za ka kai, ɗaya a karɓa ɗaya a buga maka sitamfi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, kafin ka fito daga harabar ka ɗauke ta hoto ka tura wa mutum uku. Ranar taro a samu takardar halarta kowa ya rubuta suna da lambar kati ya sa hannu, jami'in INEC da ya zo a rubuta sunansa, sakamako a rubuta a wurin ba a mota ba. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna Zamfara, a Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ƙwace duk kujerun da APC ta ci tun daga gwamna har 'yan majalisa saboda ba a yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, jam'iyya mai mulki ke nan. Rijistar kanta kar ta zauna a kwamfuta ɗaya ko ofis ɗaya, a Nuwamban 2014 jami'an DSS sun kai samame cibiyar tattara bayanan APC a Ikeja sun kwashe kaya, don haka a yi fotokwafi, a ajiye a filas, a ajiye a imel, wani kwafin ya kwana a ofishin lauya.

Wurin taro. Ranar da za a ƙaddamar da haɗakar ADC ɗin nan wani otal a Asokoro ne aka kama aka biya, ana gab da taro otal ɗin ya soke, aka koma Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa. A Ribas a 2022 gwamnatin Wike ta fito da dokar sai an biya naira miliyan 5 kafin a yi taron siyasa a makarantar gwamnati, daga baya aka janye izinin filin wasan da aka ba kamfen ɗin Atiku. A Zamfara a Oktoban 2022 an hana tarukan siyasa da sunan tsaro, har aka ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin ciki har da NTA don sun ɗauki taron PDP. Abin da za ku yi shi ne kullum wuri biyu, na fili wanda aka buga a fosta da na ajiya wanda mutum uku ko huɗu kawai suka sani, kuma na ajiyar ya zama na ɗan jam'iyya ne, fili mai katanga ko harabar gida ko sito, wanda takardun mallakarsa da harajinsa suke cif cif don kar a wayi gari an liƙa masa takardar rufewa. In za ku kama zaure ku biya ta banki ba kuɗi a hannu ba, a rubuta yarjejeniya da abin da zai biya in ya soke, amma kar ku zage shi in ya soke, mai otal lasisinsa yake tsoro kuma gobe za ku buƙace shi. Janareta da lasifika da kujeru da rumfa su zama naku ko na wanda ba zai karɓi waya ya juya da mota ba. Shugaban kowace mazaɓa ya zama yana da lambar direbobin motocinsa yadda in wuri ya canza cikin rabin awa saƙo ya isa ga kowa.

Maganar 'yan sanda kuma a nan ake yawan ruɗa mutane. Ba izini kuke nema ba, sanarwa kuke bayarwa. A Satumban 2003 an watsa wa taron ANPP barkonon tsohuwa a Kano da hujjar ba su da izini, Chuba Okadigbo mataimakin Buhari a takarar shekarar yana wurin kuma ya rasu 'yan kwanaki bayan nan, jam'iyyun adawa suka je kotu da lauya Femi Falana, Babbar Kotun Tarayya a 2005 ta ce neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa kundin tsarin mulki, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a Disamban 2007. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma cewa ta yi in an sanar da su aikinsu su ba da tsaro. To amma kar wannan ya sa ku ƙi rubuta wasiƙa, ku rubuta, domin a ƙarshen Agustan 2025 da 'yan daba suka far wa taron haɗaka a Kaduna abin da rundunar 'yan sanda ta fara faɗa shi ne ba a sanar da ita ba. Wasiƙar ta je ga kwamishina, kwafi ga DPO na yankin da DSS da sibil difens, a rubuta rana da lokaci da wuri da adadin mutanen da ake sa rai da sunan mutum biyu da za a tuntuɓa, kalmar da za ku sa ita ce muna sanar da ku muna kuma neman tsaro, kar ku rubuta muna neman izini, in ka nemi izini ka ba mutum damar ya ce a'a. A kai da mako guda ko fiye, a karɓo sitamfi, kwafin ya kasance a aljihun wanda zai tsaya a bakin ƙofa ranar taro, kuma a zaɓi dattijo mai sanyin baki ya yi magana da jami'ai, ba matashi mai zafin kai ba.

Kar ku ɗauko 'yan daba don kare kanku. Na san za a ce to in an kawo mana hari fa, amma yaro ɗaya da wuƙa a ƙugu ya isa a ce taronku ne ya tada fitina, a kama shugabanninku, a rufe ofis, a hana taro a jihar baki ɗaya, kuma yaran nan 'ya'yan talakawa ne su ake bari a gidan yari bayan kowa ya watse. Ku sa masu tsara jama'a da riga iri ɗaya hannunsu babu komai, a bincike kowa a ƙofa, mutum huɗu ko biyar aikinsu kawai ɗaukar bidiyo daga kusurwa daban daban wani ma kai tsaye a Facebook yadda ko an ƙwace waya hoton ya riga ya fita. Lauya ya san da taron tun kafin ranar, wayarsa a kunne, da masu tsayawa beli a shirye da katin shaidarsu. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, shi ya sa taron Juma'a da yamma yake da haɗari, wanda aka kama sai Litinin.

Gidan rediyon jiha in ya ƙi karɓar tallanku ku sa ya ƙi a rubuce ko ku ajiye shaidar kun kai, doka ta hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ku kai ƙorafi hukumar NBC, ku koma tashoshi masu zaman kansu ku biya kuɗin zango guda tun da wuri.

'Yan majalisar da ke son biyo ku kar ku matsa musu su yi gaggawar sanarwa. A kundin tsarin mulki sashe na 68 na tarayya da na 109 na jiha sun ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyarsa ta rabu ko ta yi maja, kuma a shari'ar ɗan majalisa Abegunde na Ondo Kotun Ƙoli ta ce rabuwar sai ta kasance a matakin ƙasa, rigimar reshen jiha ba ta isa ba. Gwamna ba shi da wannan matsalar, shi ya sa Kwankwaso da Wamakko da Nyako da Amaechi da Abdulfatah Ahmed suka shiga APC a Nuwamban 2013 da kujerunsu. Ɗan majalisa ya zauna da lauya ya lissafa lokacinsa, amma ya tabbata sunansa ya shiga rijista kafin a miƙa ta.

Na bar maganar ɗan takara a ƙarshe don ita ce ta fi kashe haɗaka, kuma a nan gwamnati ba ta ma buƙatar yin komai sai ɗan zuga. A 1983 ƙawancen PPA ya watse don an kasa zaɓa tsakanin Awolowo da Azikiwe, a 2011 CPC da ACN suna tattaunawa har ana saura 'yan kwanaki zaɓe aka tashi baram-baram a kan kujerar mataimaki, Buhari da Ribadu kowa ya shiga shi kaɗai. APC ta tsira ne don an yi zaɓen fidda gwani a fili a Legas a Disamban 2014 ana kallo a talabijin, Kwankwaso da Atiku suka sha kaye suka zauna. Ku ma a matakinku, na gwamna ne ko na majalisa, a amince da yadda za a fitar da ɗan takara tun kafin a san wa zai ci, kowane mai nema ya sa hannu cewa zai mara wa wanda ya yi nasara baya, a kuma faɗi me wanda ya faɗi zai samu, wannan ba abin kunya ba ne siyasa ce. Takardun makaranta da na haihuwa da sunayen ɗan takara da na mataimakinsa ku tantance su da kanku kamar ku ne abokan hamayya, a Bayelsa a Fabrairun 2020 David Lyon ya rasa kujerar gwamna ana gobe rantsuwa saboda takardun mataimakinsa.

Kuma a tanadi mutum na biyu. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga wannan, Hama Amadou ya yi takarar 2016 daga gidan yarin Filinge, a Nuwamban 2020 kuma kotun tsarin mulki ta cire sunansa saboda hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da ke kansa, dole magoya bayansa suka koma bayan Mahamane Ousmane. A Senegal an rusa jam'iyyar Pastef a 2023 an hana Ousmane Sonko takara, amma sun riga sun shigar da takardun Bassirou Diomaye Faye, ya fito daga kurkuku ana saura kwana goma zaɓe ya ci a zagayen farko a Maris 2024. A nan dokarmu ba ta yarda a canza ɗan takara ba sai ya rasu ko ya janye da kansa, don haka in gwaninku yana da shari'a a EFCC ko wata kotu a zauna a faɗa wa juna gaskiya kafin fidda gwani, ba bayan an miƙa suna ba.

In matsi ya yi yawa za ku ji wasu na cewa a ƙaurace wa zaɓen kawai. Ni dai ban goyi baya ba. Haɗakar adawa ta UPGA da NEPU ke cikinta ta ƙaurace a Disamban 1964 bayan an hana 'yan takararta da dama shigar da takardu, aka yi zaɓen ba su, NPC da ƙawayenta suka kafa gwamnati, 'yan adawar Nijar sun ƙaurace wa zagaye na biyu a 2016 Issoufou ya ci da kashi 92 ya yi shekara biyar ɗinsa cur. Ku rubuta a yarjejeniyarku tun yanzu wane kwamiti ne kaɗai ke da ikon yanke wannan shawarar da kuma kaso nawa na mambobinsa za su amince, don kar a wayi gari ana saura kwana uku zaɓe wani ya shiga rediyo da sunan haɗaka ya ce magoya baya su zauna a gida.